Idan an ɗaure mutum kan kisan da bai yi ba, wace ƙofa doka ta bari?

Akwai wata tsohuwa a unguwarmu nan Maradi da kowace Juma'a take ɗaure kwanon tuwo a tsohon ɗankwali, ta hau kabu-kabu ta nufi gidan kaso. Ɗanta ne a ciki, an yanke masa hukunci kan kisan kai. Ran nan ta shigo zaurenmu da wata takarda da ta sha ninki har ta fara rabewa, ta miƙo mini ta ce, "Ɗan nan, karanta mini. An ce wai magana ta ƙare. To in ba shi ya yi ba fa?" Na ce, "Inna, zauna ki sha ruwa tukuna." Ni ba alƙali ba ne, kuma ba shari'ar ɗanta zan sake a nan ba. Tambayarta ce ta tsaya mini a rai, don doka tana da amsarta, amma ba kowa ya taɓa jin ta da Hausa ba.

Dokar hukunta laifuka ta Nijar da dokar da ke tsara yadda ake shari'arsu, tushensu duka na 1961 ne, an gina su a kan tsarin Faransa, an kuma yi ta yi musu gyara. Ƙa'idar farko a cikinsu ita ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Nauyin kawo hujja yana kan mai gabatar da ƙara, wanda muke ce wa furokire. In alƙalai sun saurari komai shakka ba ta bar zuciyarsu ba, sakin mutum ya wajaba. Sai dai wannan garkuwa ta kafin hukunci ce. Da zarar an yanke, lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce, lissafi ya juya: yanzu wanda ke ɗaure shi ne zai kawo abin da zai girgiza hukuncin. A nan iyalai da yawa suke ruɗewa, su yi ta cewa "ai kowa a gari ya san ba shi ba ne". Sanin gari ba ya buɗe ƙofar kaso.

Kafin mu je ga ƙofofin, ya kamata a ga ta inda kuskure yake shiga, don yawanci tun daren farko yake shiga. An tsinci gawa a gona, a ce can wajen Madarumfa ko Gidan Runji. Hankali ya tashi, dangi suna kuka, addini ya ce a gaggauta sutura, sai a yi jana'iza kafin likita ya duba gawar da kyau. Jama'a sun tattake wurin, sawu ya ɓace. Nan take sai a tuna wa ya yi cacar baki da mamacin kan iyakar gona ko kan ɓarnar dabbobi. Jandarma su zo su tafi da shi. Doka ta ba su awa 48 su riƙe shi, ana iya ƙara wasu 48 da izinin furokire, kuma yana da haƙƙin lauya. Amma lauyoyin ƙasar nan mafi yawansu a Yamai suke zaune, manomin karkara kuwa bai ma san ana neman lauya a wannan mataki ba. Yana magana da Hausa, ana rubutawa da Faransanci, a ƙarshe a kama yatsansa a dangwala a kan takardar da bai iya karantawa ba. In ya ce "na buge shi da sanda bara" aka rubuta "na buge shi", wannan layi ɗaya zai bi shi har gaban alƙalin bincike, har zauren shari'ar manyan laifuka.

Mutane sukan ce ai wanda bai yi ba ba zai amsa ba. Yana amsawa. Tsoro, rashin barci, duka, ko alkawarin "amsa ka koma gida" sun sa marasa laifi da yawa sun amsa. A Faransa, inda muka ɗauko tsarin namu, an kashe yara biyu ƴan shekara 8 a garin Montigny-lès-Metz a 1986. Aka kama wani matashi ɗan shekara 16, Patrick Dils, ya amsa a hannun ƴan sanda, daga baya ya janye, amma aka yi masa ɗaurin rai da rai a 1989. Sai da aka gano cewa wani da ya shahara da kashe-kashe, Francis Heaulme, yana wurin a ranar, sannan aka soke hukuncin a 2001. Ko a nan ma sabuwar kotu ta sake ɗaure shi, sai a 2002 aka wanke shi, bayan shekara 15 a kaso. An biya shi diyyar yuro miliyan 1, shi kuma Heaulme aka same shi da laifin a 2017. Wannan a ƙasar da ke da ɗakunan gwajin jini da lauyoyi a kowane lungu ke nan. Nijar ta shiga yarjejeniyar duniya ta haramta azabtarwa a 1998, kuma yarjejeniyar ta ce maganar da aka tatsa da azaba ba hujja ba ce. Matsalar ita ce tabbatar da azabar bayan tabo ya warke. Shi ya sa duk wanda aka taɓa, ya faɗa wa furokire ko alƙalin bincike tun ganin farko, ya nemi a rubuta, ya nemi likita ya duba shi.

Ƙofa ta farko bayan hukunci ita ce ɗaukaka ƙara, inda wasu alƙalai na sama za su sake duba shari'ar gaba ɗaya. Ta biyu ita ce kai kuka kotun ƙoli a Yamai, wadda ba ta sake sauraron shaidu, doka kawai take dubawa ko an bi ta daidai. Dukansu wa'adinsu kwanaki ne ƙidayayyu, kuma wanda ke tsare yana iya bayyana niyyarsa a ofishin gidan kason da yake. Iyali suna can suna neman kuɗin mota da wanda zai shige musu gaba, kwanakin su ƙare.

Ta uku ita ce ta Inna, wato sake duba hukuncin da ya riga ya tabbata. Da Faransanci rebiziyon ake ce mata. Doka ba ta buɗe ta don kawai wani yana ganin alƙalai sun yi kuskure ba, dalilai huɗu ta yarda da su.

Na farko kamar tatsuniya yake, amma an rubuta shi a doka: a ɗaure mutum kan kisa, sai a samu alamu masu ƙarfi cewa wanda aka ce an kashe yana raye. A yankinmu ba abin mamaki ba ne. Saurayi ya fita cirani ba sallama, ya tsallaka Jibiya ya shige Kano, ko ya bi motar Agadas zuwa wurin haƙar zinariya, aka tsinci wata gawa da ta lalace aka ce shi ne, bayan shekara biyar ya aiko da saƙon murya ta waya. Na biyu, wata kotu ta ɗaure wani mutum daban kan wannan kisa, alhali hukuncin biyu ba za su haɗu ba, dole ɗayansu ba shi da laifi. Na uku, ɗaya daga cikin shaidun a same shi da laifin shaidar zur a kan wanda aka ɗaure. A lura da kyau: ba ya isa shaida ya zo gida da dare yana kuka ya ce "ku yafe mini, ƙarya na yi". Sai an gurfanar da shi, kotu ta hukunta shi kan ƙaryar. Wa zai kai kansa kaso don ya fitar da wani? Kaɗan ne.

Na huɗu shi ne mafi faɗi, kuma nan mafi yawan masu neman gaskiya suke rataya fatansu: wani sabon al'amari ya bayyana, ko wata takarda da kotu ba ta sani ba lokacin shari'a, wanda zai iya nuna mutumin ba shi da laifi. Kalmar "sabo" ita ce ƙashin bayan maganar. Abin da aka riga aka faɗa a kotu alƙalai suka ƙi yarda da shi ba sabo ba ne, ko sau nawa aka maimaita. Sabo shi ne rajistar asibiti da ta nuna yana kwance a ranar, ko takardar aika kuɗi mai kwanan wata da ya sa wa hannu a wani gari, ko bayanan kamfanin waya, ko mai laifin na gaskiya ya fito ya amsa da bayanin da shi kaɗai zai iya sani.

Wanda aka ɗaure yana iya nema, ministan shari'a yana iya nema, kuma in mutumin ya rasu, matarsa, ƴaƴansa ko iyayensa suna iya nema don a wanke sunansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da ake yi wa yaro gorin ubansa ranar neman aure. Buƙatar tana bi ta ma'aikatar shari'a kafin ta isa kotun ƙoli, kuma shigar da ita ba ya nufin a saki mutum washegari. In kotun ta gamsu, takan soke hukuncin ta mayar da shari'ar gaban wasu alƙalai. In an wanke shi, yana da damar neman diyya daga gwamnati. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin farar hula da siyasa, wadda Nijar ta shiga a 1986, ita ma ta tanadi wannan diyya a sashe na 14.

A ganina ƙofar nan ta yi ƙunci. Faransa da kanta ta sassauta tata a 1989, ta ce ya isa sabon al'amarin ya haifar da shakka kan laifin, ba sai ya tabbatar da rashinsa ba. Talakan da ke ɗaure, ba waya ba kuɗi, ta yaya zai tabbatar da abin da jandarma da motarsu ba su gano ba? Ga kuma hukuncin kisa da ke rubuce ga wanda ya yi kisa da shiri. Rabon da a zartar da shi a Nijar tun 1976, kuma ina roƙon Allah ya sa a dawwama a haka, don na kaso ana iya buɗe masa ƙofa, na kabari sai dai a wanke suna.

Wasu kan ce a jira afuwar shugaban ƙasa da akan yi lokacin bukukuwan ƙasa. Afuwa rahama ce, ba na raina ta, amma rage zaman take yi, laifin yana nan a rubuce. Mutum ya fito yana ɗauke da sunan mai kisa, ba diyya, dangin mamaci suna kallonsa, wanda ya yi kisan kuma yana shan shayinsa a bakin titi.

Abin da na faɗa wa Inna shi ne ta fara da samun kwafin cikakken hukuncin a ofishin magatakardar kotu, don takardar hannunta guntun bayani ne kawai. Sannan ta je ofishin hukumar taimakon shari'a ga marasa ƙarfi, ANAJJ, wadda aka kafa a 2011, tana da rassa a manyan kotunan jihohi. Na kuma ce ta zauna da ɗanta su bi ranar nan awa-awa: ina yake, wa ya gan shi, wace takarda ce ta rage, wa ya ji tsoro bai yi magana ba a lokacin. Ta yi shiru, ta ninke takardar ta cusa a lalitarta, sannan ta ce akwai wani direba da suka kwana tasha ɗaya da ɗanta a Tasawa daren da aka yi kisan, ba wanda ya taɓa kiransa kotu. Na ce, "Inna, yana raye?" Ta ce bara dai an gan shi yana lodin albasa.