Babur ya tashi lafiya da safe, da ya ɗau zafi ya ƙi tashi: ina matsalar take?

Wannan bayani ya shafi ƙananan babura masu kafireto da ke tafiya da bel, waɗanda ba a sa musu giya, irin masu injin GY6 na ƙasar Sin, daga 50cc zuwa 150cc. Yawancinsa zai yi wa masu sauran babura amfani.

Da asuba bugu ɗaya yake tashi. Me ya sa in na tsaya shan mai ko sallar azahar sai ya ƙi?

Injin irin wannan babur a lulluɓe yake da roba, fanka ce ke hura masa iska, ita kuma fankar injin ne ke juya ta. Kana kashe makulli ta tsaya, zafin kan silinda ya rasa mafita, sai ya hau kafireto da ke zaune dab da shi. Fetur kuwa ba ya jure zafi, wani sashensa yana fara tururi tun zafi bai kai digiri 40 ba. Man da ke kofin kafireto sai ya yi ta tururi har ya cika maƙogwaron inji. Ka dawo bayan minti 10 ko 15, abin da injin zai fara zuƙa mai ne da yawa, iska kaɗan, fulogi ya kasa kunna shi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ke wuce digiri 40, abin ya fi ƙamari.

To ina bakin titi, me zan yi?

Iska yake nema, kada ka ƙara masa mai. Kafe shi a kan ƙafarsa ta tsakiya, tayar baya a sama, ka riƙe birki. Buɗe totur kaɗan ka riƙe shi a haka, sannan ka danna sitata. In bai kama ba, buɗe totur ɗin gaba ɗaya, yana kamawa ka saki. Kada ka riƙa murzawa kana saki, domin wasu kafireto suna fesa mai duk sanda aka murza. Sitata kada ta wuce daƙiƙa biyar a danne, ka huta kaɗan, ka sake. In kana da cok na hannu, wato abin da ke ƙara wa inji mai idan yana da sanyi, kada ka taɓa shi.

In tura shi fa?

Mai bel ba ya tashi da turi. Kulocinsa sai inji ya juya yake kamawa, taya ba ta iya juya injin. Kik ko sitata kawai.

Nawa kullum ne yake yi. Daga ina za a fara bincike?

Daga lokacin da yake ƙin tashin. Wannan shi ne abin da na fi so mai babur ya riƙe. Abin da ya fi faruwa shi ne a tura babur gareji, makanike ya kwance kafireto, ya wanke, ya murza sukurori, a ɗauki awa guda. Kafin nan inji ya huce, a yi masa bugu ɗaya ya tashi, a biya kuɗi a rabu da murna. Gobe da rana ya sake ƙi, ga kuma saitin kafireto an ɓata. Saboda haka ka hau shi ya ɗau zafi sosai, ka kashe a ƙofar gareji, ka ce: "Maigida, a duba min shi yanzu da zafinsa."

Abu uku za a duba: mai, wuta da matsin inji. Fulogi ne zai fara ba da labari. In an ciro shi baƙi ƙirin da kunkunniya, ko a jiƙe yana warin fetur, mai ya yi yawa. In a bushe yake, a tabbatar mai na isowa, sannan a koma kan wuta da bawul, wato ƙofofin inji da ke buɗewa su rufe don shigar mai da fitar hayaƙi.

Fulogina baƙi ne. Me ke kawo yawan man?

A waɗannan babura na fi zargin cok mai aiki da kansa, wato ɗan baƙin kwalbar nan mai waya biyu da ke jikin kafireto. Idan inji da sanyi, hanyar ƙarin mai a buɗe take. Inji na tashi wuta ta shiga cok ɗin, ta ɗumama kakin da ke cikinsa, kakin ya kumbura ya tura allura ta toshe hanyar. In ya mutu ko wayarsa ta tsinke, allurar ba za ta sauka ba har abada. Shi ya sa babur ɗin ke tashi da safe kamar sabo, saboda lokacin yana son ƙarin man, da rana kuma man ya shaƙe shi. Gwajinsa ba wuya: a ciro shi, a auna tsawon allurar, a jona wayoyinsa da batir mai bolt 12. Cikin minti biyar ya kamata ya yi ɗumi, allurar ta ƙara fitowa da 'yan milimita. In ba ta motsa ba, a canza cok ɗin.

Bayan shi sai allurar da ke tsayar da mai in kofin kafireto ya cika. In ta cinye ko datti ya tokare ta, mai zai yi ta kwarara ko da inji a kashe yake, za ka ga ɗigo a ƙasa inda ka ajiye babur. Akwai kuma famfon mai na ƙarƙashin tanki, mai siririn tiyo da ke zuwa maƙogwaron inji. Iska kawai ya kamata ta bi wannan tiyo. A zare shi, in an ga danshin fetur a ciki, robar famfon ta yage. Matatar iska ma in ƙurar hunturu ta toshe ta, inji zai riƙa zuƙar mai fiye da kima.

Wuta fa, ba tana nan ko babu ba ne?

A'a, tana iya zuwa da sanyi ta ɗauke da zafi. Kwayil siririyar waya ce a naɗe, in ta sami rauni a ciki, zafi kan buɗa wurin, in ta huce ta sake haɗuwa. Haka ma CDI, wato ɗan akwatin da ke aika wa fulogi wuta a kan lokaci, da ƙaramin kwayil ɗin da ke gefen fanka. A sa fulogi a hularsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin fulogi da duk inda fetur ya zuba, a buga. Tartsatsi mai shuɗi da ƙara ake so. A gwada da zafi, a sake gwadawa bayan ya huce. In da bambanci, an kama ɓarawon. Fulogin da aka fi sa wa GY6 shi ne NGK C7HSA, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7.

Mai daidai, wuta daidai, amma har yanzu.

Taka kik a hankali da zafinsa. In ya tafi sululu babu turjiya, matsi na zurarewa, kuma galibi bawul ne ya matse. Da tafiya ta yi tafiya, tazarar bawul tana raguwa. Ƙarfe in ya yi zafi yana ƙara tsawo, musamman bawul na ɓangaren salansa, sai ya kasa rufewa ruf. Irin wannan babur yakan kuma mutu da kansa a danja bayan doguwar tafiya. Shi wannan gyara, saɓanin sauran, sai inji ya huce sarai ake yinsa, kuma da ma'auni, ba da kunne ba. Tazarar kan kama daga milimita 0.05 zuwa 0.10, gwargwadon abin da littafin babur ɗin ya ce. Kada a ja lokaci, bawul da ba ya rufewa ƙonewa yake, aikin minti 30 ya koma sauke kan inji.

Na ga wasu na watsa wa inji ruwan leda ya huce. Ya halatta?

Kada ka yi. Ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi yana iya tsaga shi ko ya lanƙwasa kan silinda, ya kuma shiga hular fulogi ya ɗauke wutar. Ka kai shi inuwa ya huce da kansa. Ka kuma duba robar da ta lulluɓe injin: in an cire ta ko ta fashe, iskar fanka watsewa take ba ta bi ta kan silinda, sai a mayar da ita kafin a ci gaba da hawa.