Kodek: Abin da ke Sa Bidiyo Ya Buɗe ko Ya Ƙi Buɗewa a Waya

Kodek wata dabara ce ta matse bidiyo ya zama ƙarami a lokacin ɗauka ko turawa, sannan a warware shi a lokacin kallo. Ba don ita ba da babu mai iya ajiye fim a waya, domin hoto ɗaya na 1080p yana da ɗigo sama da miliyan 2, in ba a matse shi ba zai kai kusan MB 6, shi kuma bidiyo yawanci hotuna 30 yake jerawa a daƙiƙa ɗaya, kaga kenan minti ɗaya kacal zai haura GB 10. Abin da kodek ke yi shine ya ajiye cikakken hoto guda, sai na bayansa ya riƙa rubuta iya abin da ya canza. In mutum na zaune yana magana bango bai motsa ba, to ba sai an sake ajiye bangon ba, bakinsa da hannunsa kawai za a bi.

Mutane da yawa suna ɗauka MP4 shine kodek, alhali ba haka bane. MP4 da MKV da 3GP ɗin zamanin Nokia duk mazubi ne, kamar kwano, kodek shine abincin da ke ciki, shi yasa zaka ga fayil biyu duk MP4 ne amma ɗaya ya buɗe lafiya ɗaya kuma baƙin sikirin kawai sai murya.

Wanda yafi kowanne yaɗuwa shine H.264, wanda ake kira AVC, ya fito a 2003 kuma har yau da wuya ka samu wayar zamani da bata iya shi. A 2013 H.265 ya biyo baya, wato HEVC, da burin bada kwaliti iri ɗaya da kusan rabin girman fayil, sai dai kuɗin lasisinsa ya zo da rikici saboda masu haƙƙin mallakar sun rabu gida gida. A shekarar dai Google ya fitar da VP9 wanda YouTube ke amfani da shi sosai. Daga baya manyan kamfanoni irinsu Google da Netflix da Amazon da Microsoft suka haɗu a 2015 suka kafa Alliance for Open Media, su ne suka fitar da AV1 a 2018 ba tare da kuɗin lasisi ba. Akwai kuma H.266 na 2020 amma har yanzu bai shiga hannun jama'a sosai ba.

Inda maganar take shine wa zai warware bidiyon a cikin wayar. A cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar wayar, akwai wani ɗan sashe da aka gina musamman don wannan aikin, in ya san kodek ɗin sai ya yi shi cikin sauƙi, waya bata zafi, caji baya zuba. In bai san shi ba sai aikin ya koma kan ainihin furosesan ta hanyar manhaja, anan ne zaka ji bayan wayar ya ɗau zafi, hoto na tsalle, murya ta wuce baki bai motsa ba tukuna, batirin da zai kai ka dare ya mutu da la'asar. Masu amfani da MX Player sun san alamar HW da SW da ke saman sikirin, to ma'anarsu kenan, HW sashen musamman ne ke aiki, SW kuma manhaja ce ke wahala. Kuma wannan sashen ba a ƙara shi da sabunta waya, yadda aka ƙera ta haka zata ƙare, don haka yawan RAM da ake ta tallatawa a jikin kwali ba shi ke magance wannan matsalar ba, abin da ya kamata mai saye ya duba shine sunan furosesan.

AV1 ya nuna wannan a fili. Android 10 ta zo da goyon bayansa, amma Dimensity 1000 na MediaTek ne ya fara kawo shi a jikin furosesan waya, Qualcomm sai a Snapdragon 8 Gen 2 na 2022, Apple kuma sai iPhone 15 Pro a 2023. Ƙananan wayoyi masu araha da yawa har yanzu da manhaja suke warware shi, a 480p ko 720p ba laifi, amma da an hau sama sai su fara maƙalewa.

Wata matsalar da aka saba gani ita ce bidiyon iPhone. Tun iOS 11 a 2017 wayoyin iPhone 7 zuwa sama suke ɗauka da HEVC, sai a ɗauki bidiyon biki a tura ta Xender ko a zuba a memori, ya ƙi buɗewa a tsohuwar waya ko kwamfuta. In ta WhatsApp aka tura a matsayin bidiyo yawanci yana buɗewa saboda ana sake matse shi, kwalitin ne dai ke raguwa. Mai iPhone zai iya shiga saitin kyamara ya zaɓi Most Compatible, daga nan zata koma ɗauka da H.264. Haka masu tura finafinai a shago, wanda ya san aikinsa yakan tambayi irin wayarka kafin ya zuba maka fim mai alamar x265 (wato HEVC) ko 10bit (mai ɗauke da launuka fiye da na 8bit), domin wayar na iya sanin HEVC na 8bit amma ta kasa na 10bit.

Sauti ma da nasa kodek ɗin. AAC kowace waya na yi, amma AC3 da EAC3 na Dolby da kuma DTS ba kowace waya ko manhaja ke iya su ba, shine dalilin da fim zai taho hoto tas babu murya, a irin wannan manhajar kallon bidiyo ta VLC takan fitar da mutum.

Sai Widevine, wanda ba kodek bane, makulli ne na Google don kare finafinan kuɗi. Wayar da ke da matakinsa na L1 zata iya nuna Netflix a HD, mai L3 kuwa ko sikirin ɗinta ya kai 1080p kuma data na gudu, a ƙaramin kwaliti zata tsaya, ana iya duba matakin da manhajar DRM Info kafin a biya kuɗin waya.