Wai soso dabba ne? Tambayoyi kan soso, murjani da tsutsotsi

Ɗalibaina sun sha tsare ni da waɗannan tambayoyin in mun zo darasin dabbobi marasa ƙashin baya, shi ya sa na ce bari in tattaro su wuri guda.

Malam, wai da gaske soso dabba ne?

Soson da muke cuɗa da shi a gida dai ɗan tsiro ne, yaɗo yake yi a jikin danga. Amma akwai soson teku, shi kam dabba ne duk da ba ya zuwa ko'ina, a manne yake jikin dutse. Ba baki, ba hanji, ba ƙwaƙwalwa. Jikinsa duk huji-huji ne, ruwa na shiga ta ƙananan yana fita ta babba, shi kuma yana tace abinci a ciki. A 1907 wani masani ɗan Amurka mai suna Wilson ya matse soso ta cikin ƙyallen siliki ya dagargaje, sai ƙwayoyin halittar suka riƙa neman juna suna haɗewa har suka koma soso. Ikon Allah kenan.

To murjani fa, ba dutse ba ne?

Ni ma da haka na ɗauka, ina yaro kakata na da wani jan murjani da take ƙullewa a tsumma a ƙasan adaka, sai ranar biki take sa shi. Ashe ƙashin wasu ƴan mitsi-mitsin dabbobin teku ne, su suke gina shi a hankali shekara da shekaru, jan kuma an fi samo shi a Bahar Rum. Irin ginin da danginsu suka yi a gaɓar Ostireliya ya kai tsawon kilomita 2,300. Ƴan uwansu ne dabbar nan mai kama da laima da ke yawo a teku, jikinta wajen kashi 95 cikin 100 ruwa ne. Dukkansu ƙofa ɗaya gare su, ta nan abinci ke shiga ta nan kashi ke fita, kuma suna da hannuwa masu harbi da dafi.

Duk tsutsa tsutsa ce ko?

A'a. Wadda kake gani a ruɓaɓɓen nama ɗiyar ƙuda ce, gobe fiffike za ta yi. Tsutsotsi na ainihi akwai masu faɗi kamar tsila, akwai mulmulallu kamar kurkunu, sai masu gaɓa-gaɓa irin tana da matsattsaku.

Tsila ba ta da baki ko hanji sam, ta fatarta take tsotse abincin da ka riga ka narkar, kuma ta naman sa da bai dahu ba take shiga mutum. Don Allah a riƙa duba tsiren nan ya gasu har ciki. Tsargiya ma tsutsa mai faɗi ke kawo ta, tana girma a jikin katantanwa sannan ta huda fatar yaro lokacin da yake wanka a kududdufi, in kun ga yaro na fitsarin jini a kai shi asibiti, akwai maganinta.

Kurkunu har yanzu akwai shi?

Yaran yanzu ba su san shi ba, alhamdulillahi. Mu mun ga yadda manomi ke kwanciya da damina ana naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan kullum, in aka yi garaje ta tsinke ƙafar ta rure. Ruwan tafki mutum zai sha mai ɗauke da ƴaƴanta, sai bayan kamar shekara guda ta ɓullo, tsawonta kan kai mita ɗaya. A 1986 mutum wajen miliyan 3.5 ke fama da shi a duniya. Aka dage da tace ruwa da haƙa rijiyoyin burtsatse, su Jimmy Carter da Janar Gowon suna bin ƙauyuka, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da shi, Ghana a 2015. Amma a Chadi da saura, har a jikin karnuka.

In an raba tana biyu, guda biyu take zama?

Ba ta zama. Ɓangaren kai zai iya rayuwa ya sake wutsiya, na wutsiyar mutuwa yake. Kuma ku daina kashe ta haka kawai, ita ke huda ƙasa iska da ruwa su shiga, kashinta taki ne. Ta fata take numfashi, shi ya sa in ka bar ta a rana jikinta ya bushe shikenan ta mutu.