Waiwaye: Jackie Coogan, yaron fim ɗin da ya kai mahaifiyarsa kotu

A shekarar 1938 wani matashi ɗan shekara 23 ya shigar da ƙarar mahaifiyarsa da mijinta a wata kotu da ke Kalifoniya. Sunansa Jackie Coogan. Shekara goma sha biyar kafin nan babu yaron da ya kai shi suna a harkar fim a faɗin duniya. An ƙiyasta abin da ya samu yana ƙarami tsakanin dala miliyan 3 zuwa 4, kuɗin wancan zamani. Da ya mallaki hankalin kansa ya nemi a ba shi dukiyarsa, sai aka ce masa ba shi da ko sisi.

An haife shi a Los Angeles ranar 26 ga Oktoba, 1914, a gidan 'yan wasan dandamali. A kan dandamalin ne Charlie Chaplin, fitaccen ɗan wasan barkwanci kuma mai shirya fim, ya fara ganinsa yana 'yar rawarsa, ya ɗauke shi, ya ba shi matsayin yaron da aka tsinta a fim ɗin The Kid na 1921. Lokacin fim ba ya magana, fuska ce ke yin komai, shi kuwa yaron Allah ya hore masa manyan idanu da ke sa mai kallo hawaye. Kafin a ankara an fara buga hotonsa a jikin 'yar tsana da usur da kayan rubutu. A 1924 ya zagaya Amurka yana tara taimako don marayun Gabas ta Tsakiya da Girka, aka tara kaya da kuɗi na sama da dala miliyan ɗaya, har Paparoma ya karɓi baƙuncinsa a Rum. Duk wannan bai cika shekara goma sha ɗaya ba.

Sai dai hajar da ake sayarwa ita ce yarintar kanta, ita kuwa ba ta jiran kowa. A 1927 kamfanin MGM ya shirya fim sukutum a kan aske masa gashin nan nasa da aka san shi da shi, wato har girman nasa sai da aka ci kasuwarsa. Daga nan farin jinin ya fara dusashewa. Ya ɗan taɓa finafinai masu magana a 1930 da 1931, amma masu kallo ƙaramin yaron da suka saba da shi suke nema, ba saurayi mai sauyin murya ba.

A watan Mayun 1935 mahaifinsa ya rasu a haɗarin mota kusa da San Diego. Jackie na cikin motar, shi kaɗai ya tsira. Bayan wata biyar ya cika shekara 21, shekarun da yake sa ran a damƙa masa dukiyarsa. Mahaifiyarsa Lillian ta auri Arthur Bernstein, mutumin da ke kula da harkokin kuɗin gidan, tauraron duniya ya wayi gari agola a gidan da aka gina da guminsa. A gaban kotu uwar ta tsaya kai da fata cewa ba a taɓa yi masa alkawarin komai ba. Abin takaicin shi ne doka tana bayanta: a Kalifoniya ta lokacin, duk abin da yaro ya samu kafin ya balaga mallakar iyayensa ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da aka sasanta, abin da ya rage bai wuce dala 250,000 ba, shi kuma ya tashi da 126,000.

Hayaniyar da shari'ar ta tayar ce ta sa majalisar jihar ta yi doka a 1939, wadda har gobe ake kira Dokar Coogan. Gare shi dai ihu ne bayan hari. Ga waɗanda suka biyo baya ma dokar ta zo da ƙofa a buɗe, domin ta bar wa alƙali ne ya ware wani kaso na kuɗin yaro idan an kawo masa kwantiragin don ya amince da shi. Kwantiragin da ba a kai kotu ba, babu ruwan doka da shi. Dokar ƙwadago ta tarayya ta 1938 kuwa, wadda ta hana sa yara aiki a masana'antu, ta tsame yara 'yan fim daga cikinta, ta bar kowace jiha da nata tsarin.

Shirley Temple, wadda ta fi kowane ɗan wasa kawo kuɗi a gidajen sinimar Amurka daga 1935 zuwa 1938, ta gano bayan ta girma cewa dala 44,000 kacal suka rage daga sama da miliyan 3. Ba ta kai mahaifinta ƙara ba. Ta bar fim tana da shekara 22, daga baya ta zama jakadiyar Amurka a Ghana a 1974. Gary Coleman, tauraron talbijin daga 1978 zuwa 1986, bai yi irin wannan haƙurin ba: ya maka iyayensa da tsohon mai ba shi shawara a kotu a 1989, ya ci kusan dala miliyan 1.3 a 1993, amma a 1999 ya bayyana cewa ya karye. Har gadi ya yi. Ya rasu a 2010 yana da shekara 42. Lura fa, duka biyun a ƙarƙashin inuwar dokar suka yi wani ɓangare na aikinsu.

Sai a farkon shekarar 2000 aka toshe babbar ɓarakar. Tun daga lokacin, a Kalifoniya, abin da yaro ya samu a fim nasa ne, ba na iyayensa ba, kuma dole mai ɗaukarsa aiki ya zuba kashi 15 cikin ɗari a wani asusu da ake kullewa har yaron ya kai shekara 18. Jihohi kamar New York da Louisiana sun yi makamancin haka. A ganina kashi 15 bai taka kara ya karya ba, tunda ragowar 85 ɗin ta hannun iyaye take bi, amma ko ba komai shekara sittin aka yi kafin a kai nan.

Shi Coogan fa? Ya shiga soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya zama matuƙin jirgin nan marar inji da wani jirgi ke ja, har ya sauke sojojin Birtaniya cikin dare a dajin Burma, bayan layin dakarun Japan, a watan Maris na 1944. Da ya dawo sai ya koma karɓar ƙananan matsayi a finafinai masu ƙaramin jari da shirye-shiryen talbijin. A 1964, yana dab da shekara 50, ya sake yin suna a shirin barkwanci na The Addams Family, a matsayin Kawu Fester, wani ƙwalƙwal mai zurmammun idanu da ke kunna ƙwan lantarki da bakinsa. Yawancin yaran da suka riƙa kallonsa ba su san cewa wannan ne kyakkyawan yaron Chaplin ba. Ya rasu ranar 1 ga Maris, 1984, a Santa Monica.

Yau maganar ta koma wani fagen. Yaron da ake ɗauka a waya ana ɗorawa a YouTube ko TikTok ba shi da kamfani, ba shi da kwantiragi, uwa ko uba su ne masu shiryawa, su ne masu ɗaukar hoto, su ne ma'aji. Jihar Illinois ta fara aiki da dokar da ke tilasta ware wa irin waɗannan yara kasonsu ranar 1 ga Yuli, 2024, Kalifoniya ta faɗaɗa Dokar Coogan ta haɗa da su daga farkon 2025. Faransa ta riga su tun Oktoban 2020, ta kuma ƙara abu guda da babu shi a dokar 1939: yaro na iya neman a sauke bidiyonsa daga intanet ba sai da yardar iyayensa ba.