Murhun tafi-da-gidanka

Murhun tafi-da-gidanka, wanda wasu ke kira rishon zango, ƙaramin murhu ne da ake ɗauka a jaka ko a mota domin girki a inda babu madafa, kamar daji, bakin ruwa ko kan tsauni. Masu kwana a tanti da mahaya duwatsu da sojoji ne suka fi amfani da shi. Ana rarrabe ire-irensa ta makamashin da kowanne ke ci, kuma daga nan ya kamata sabon shiga ya fara duba wanda zai saya, kafin ya kai ga nauyi ko kyan gani.

Tarihinsa na zamani ya faro ne a Suwidin a 1892, lokacin da Frans Wilhelm Lindqvist ya ƙera rishon Primus, mai aiki da kananzir ba tare da lagwani ba. Famfo ake bugawa, iska ta tura kananzir cikin bututu mai zafi, ya zama tururi, ya kama da shuɗin harshe marar hayaƙi. Da irinsa Roald Amundsen, matafiyi mai bincike ɗan ƙasar Norway, ya isa ƙuryar kudancin duniya a 1911. Daga baya kamfanin Campingaz na Faransa, wanda aka kafa a 1949, ya yaɗa ƙaramin gwangwanin gas, shi ne kuma ya sauƙaƙa lamarin ga kowa.

Mai gwangwanin gas shi ne aka fi ba mai koyo shawarar ya fara da shi, kuma akwai dalili. Ana ɗaura kan murhun a bakin gwangwanin, a murɗa, a kyasta ashana, shi ke nan. Ana iya rage wutar ko a ƙara ta kamar a gida, kuma lita ɗaya ta ruwa kan tafasa cikin minti uku zuwa biyar idan babu iska. Gwangwanayen da aka fi samu su ne masu giram 100 da 230 da 450. Sai dai ba duka bakinsu ɗaya ba: wasu murɗawa ake yi, wasu dannawa, wasu kuma hudawa, kuma wanda aka huda ba a cire shi sai gas ya ƙare. Wanda ya sayi murhu bai duba wannan ba, yana iya isa zango da kayan da ba su shiga juna.

Raunin gas sanyi ne. Cikin ire-iren gas da ake zubawa a gwangwani, butan yakan daina zama tururi da zarar sanyi ya kai wajen digiri sifiri a ma'aunin Salshiyos, aisobutan ya jure zuwa kusan digiri 12 ƙasa da sifiri, furofen kuwa har digiri 42 ƙasa da sifiri. Shi ya sa ake gauraya su a gwangwani ɗaya. A tsananin sanyi, murhu mai cin fetur ko kananzir ya fi ƙarko, amma yana son famfo da ɗumama kai kafin a kunna, da kuma goge-goge. Idan aka yi gaggawa, wuta na iya tashi sama ba shiri. Ba kayan farawa ba ne.

Akwai kuma mai sifirit, irin na kamfanin Trangia, wanda ba shi da abin lalacewa amma yana da nawa, kuma da rana da ƙyar ake ganin harshen wutarsa, don haka ba a ƙara masa mai sai ya huce. Mai ƙirare kyauta ne makamashinsa, sai dai yana baƙanta tukunya, kuma wuraren shaƙatawa da yawa kan hana shi lokacin fari.

Bayan makamashi sai girman tukunya. Ɗan kan da ke zama bisa gwangwani bai kai giram 100 ba a wasu samfuran, ya dace da mutum ɗaya ko biyu, amma babbar tukunya na iya kifar da shi. Idan mutane sun kai huɗu, gara wanda ke zaune a ƙasa da ƙafafunsa, gas na zuwa masa ta tiyo. Masu tafiya da mota ba ruwansu da nauyi, sukan ɗauki mai kai biyu.

Iska tana cinye gas fiye da yadda ake zato, don haka ana sa kariya. Amma ba a kewaye murhun da ke kan gwangwani ruf, domin zafi na iya taruwa gwangwanin ya fashe. Haka nan ba a girki cikin rufaffen tanti ko mota: wutar tana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, kuma tana kisa. Kamfanonin jiragen sama ba sa yarda a shiga da gwangwanin gas, ko a hannu ko a cikin kaya, sai dai matafiyi ya saya a inda ya sauka.