Lokum: me kalmar take nufi a aikin nas na ƙwaƙwalwa?

Kwanan nan kalmar "lokum" ta cika bakin nas-nas masu hangen Amurka. Duk aikin da bai kai awa 40 a mako ba sai ka ji an ce lokum ne. Ba haka ba ne. An gutsuro ta ne daga Latin, locum tenens, wato mai riƙe gurbin wani. Riƙon ƙwarya ke nan. Mai gurbin ta tafi hutun haihuwa ko ta ajiye aiki, sai kamfanin dillancin ma'aikata ya kawo ka ka riƙe na wata uku ko shida. Sau da yawa ma mako cur za ka yi kana aiki. Wa'adin ne gajere.

Wadda take zuwa asibiti ɗaya duk Talata da Alhamis shekara da shekaru, ma'aikaciyar rabin lokaci ce. Wanda ake kira ranar da aka rasa hannu a biya shi kuɗin yini, nasa daban.

Wanda ake nema a tallace-tallacen aikin lokum na ƙwaƙwalwa a Amurka shi ne PMHNP, wato ƙwararren nas na ƙwaƙwalwa: nas mai digiri na biyu ko sama da haka, wanda ya yi aƙalla awa 500 yana duba marasa lafiya a ƙarƙashin kulawa, ya kuma ci jarrabawar ƙwarewa irin ta ANCC, hukumar tantance nas-nas ta Amurka. Yana gano ciwo, yana rubuta magani. Takardar kwas ɗin ƙwaƙwalwa ta asibitin Barnawa a Kaduna ko na Aro a Abeokuta tana da darajarta, amma ita kaɗai ba ta kai mutum wannan matsayi.

Inda ake ruɗar mutane shi ne kuɗin. Farashin awa na lokum yakan fi na ma'aikacin dindindin, sai ido ya rufe. To, in an ɗauke ka a matsayin ɗan kwangila mai takardar 1099 (takardar harajin 'yan kwangila a Amurka), kai za ka biya harajin mai zaman kansa, kashi 15.3 cikin ɗari, ban da harajin kuɗin shiga. Babu hutu mai albashi, inshorar lafiya daga aljihunka. Sai inshorar kuskuren aiki: wata tana kare ka ne kawai in an shigar da ƙara inshorar tana aiki. Kwangila ta ƙare a Maris, ƙara ta zo a Disamba, in ba a sayi ƙarin kariyar bayan tafiya ba, kai kaɗai ne a kotu. A tambayi wa zai biya ta kafin a sa hannu. Lasisi kuma na jiha ne. Ko ta bidiyo kake duba mutum, lasisin jihar da yake zaune ake bi, kuma a Texas sai da yarjejeniya da likita kafin ka rubuta magani. Magungunan da ake sa wa ido kuwa sai da rajistar DEA, hukumar kula da miyagun ƙwayoyi ta Amurka.

A ganina wannan tsari bai cika dacewa da ciwon ƙwaƙwalwa ba. Maganin ciwon damuwa yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga tasirinsa. Mai shan lithium, wani maganin ciwon ƙwaƙwalwa, sai ana auna jininsa, ana duba ƙoda da maƙoƙo. Ɗan riƙo ya sauya magani a makonsa na ƙarshe ya tafi, wa zai duba sakamakon gwajin? Shi ya sa wanda ya san aikin ba ya taɓa maganin da mutum ya zauna lafiya a kansa sai da dalili mai ƙarfi, kuma yakan rubuta wa magajinsa abin da ya sauya, da dalili, da ranar gwaji na gaba.