Sidarosis na Saman Ƙwaƙwalwa

Sidarosis na saman ƙwaƙwalwa cuta ce ta jijiyoyi da ba a cika samun ta ba. Tana faruwa ne idan jini ya daɗe yana tsiyaya kaɗan-kaɗan cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka, wato babbar jijiyar da ke cikin ƙashin baya. Jajayen ƙwayoyin jinin suna fashewa, sinadarin ƙarfen da ke cikinsu ya koma wani abu da ake kira hemosidarin, ya kwanta a saman ƙwaƙwalwa da laka, sannu a hankali yana kashe ƙwayoyin jijiya. Likita Ralph Hamill ne ya fara bayyana ta a Amurka a 1908.

Zubar jinin ba mai yawa ba ce, shi ya sa mai ita ba ya jin komai da farko. Sau da yawa asalinta wata 'yar yagewa ce a tantanin da ya lulluɓe laka, wadda kan biyo bayan haɗarin mota, ko tsohuwar tiyatar kai ko ta baya, ko fizgewar jijiyoyin hannu daga tushensu a wuya. Ciwon ƙari da gurɓatattun hanyoyin jini su ma suna haddasa ta. A wasu kuma, duk binciken da za a yi ba a gano inda jinin ke fita. Tsakanin rauni da bayyanar alamu kan ɗauki shekaru, har fiye da goma, ta yadda majinyaci da kansa ya riga ya manta da haɗarin.

Ji ne yakan fara tafiya, galibi a kunnuwa biyu. Dalili kuwa shi ne jijiyar ji tana da dogon sashe da ke kwance cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, don haka ƙarfen ya fi samun wurin manne mata. Daga nan sai ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke ƙeya, mai kula da daidaiton jiki, ta taɓu: mutum ya riƙa tangaɗi, yana ware ƙafafu idan zai yi tafiya, maganarsa ta yi nauyi. Wasu ƙafafunsu kan sandare, fitsari ya riƙa kufce musu, ko su daina jin ƙamshi. Da yake abin a hankali yake zuwa, sau da yawa akan ɗora wa tsufa laifi, a yi ta jinkiri.

Kafin zuwan na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki, yawanci sai an buɗe gawa ake ganin ta. Yanzu hoton yana nuna wani siririn baƙin layi da ya zagaye ƙwaƙwalwa da laka.

Babban magani shi ne nemo inda jinin ke fita a toshe shi da tiyata. Hakan kan tsayar da ƙaruwar ƙarfen, amma abin da ya riga ya lalace da wuya ya dawo. Ana kuma ba wasu maganin deferiprone, mai janye ƙarfe, wanda ke iya ratsawa cikin ƙwaƙwalwa. Sai dai yana iya rage fararen ƙwayoyin jini ƙwarai, don haka dole a riƙa gwajin jini a kai a kai. Ga waɗanda suka kurumce, akan dasa musu na'urar ji a cikin kunne, wasu ta yi musu amfani, wasu kuma amfanin ya ragu bayan lokaci.